Idan Sabar Ta Yi Shiru, Wa Zai Ce Ta Mutu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS aka ce masa "Alhaji a yi haƙuri, netwok ɗin banki ya sauka", ya ɗanɗani sakamakon abin da ya faru a wani ɗaki mai sanyi da bai taɓa gani ba. Ɗakin shi ne cibiyar adana bayanai: dogon zaure mai layi-layin kabad na ƙarfe, a cikin kowace kabad an jera kwamfutoci marasa allo da madannai, iska mai sanyi na shiga ta gabansu, mai zafi na fita ta baya. Su ake kira sabar. Lissafin asusun banki, rajistar jarrabawa, tikitin jirgin sama, albashin ma'aikata, duk a kansu suke zaune.

A irin wannan zaure lalacewar na'ura abu ne na yau da kullum. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai ajiye wa mutane bayanai, ya shafe shekaru yana wallafa alƙaluman faifan ajiyarsa, kuma waɗanda ke mutuwa a shekara suna kai-komo tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100. A ido kaɗan ne, amma mai faifai 10,000 zai riƙa zare biyu zuwa huɗu duk mako. Shi ya sa sana'ar ta ginu a kan dabaru biyu: yadda mutane ƙalilan za su juya dubban na'urori daga wuri guda, da yadda wata na'ura za ta karɓi ragama idan 'yar'uwarta ta faɗi. Dabarun sun yi maganin mutuwar na'ura ɗaya ƙwarai da gaske. Sai dai in ka bi manyan haɗurran shekaru goman nan ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar da yawa daga cikinsu daga jikin maganin suka fito.

Kowace sabar ta kirki tana da wata 'yar ƙaramar kwamfuta a cikinta, mai wayarta daban, wadda ba ta barci ko an kashe uwar. Dell na kiran tasa iDRAC, HPE na kiran tasa iLO. Ta nan injiniya, yana gida da tsakar dare, zai duba zafin na'urar, ya kashe ta, ya kunna ta, ya sake ɗora mata manhaja daga tushe. A saman wannan akwai dabarar raba sabar ɗaya ta zama kwamfutocin manhaja da yawa waɗanda ba a ɗaure suke da ƙarfe ɗaya ba. Da kayan aiki irin na VMware ana ɗauke kwamfutar da ke tsakiyar aiki daga wannan ƙarfe zuwa wancan, mai amfani da ita bai ma sani ba. Can sama kuma akwai irin su Ansible da Kubernetes, wanda Google ya saki a 2014. Injiniya zai rubuta cewa yana son kwafi shida na shirin da ke karɓar kuɗi. In ɗaya ya mutu, manhajar ta tayar da wani ba tare da ta tashi kowa daga barci ba. A da mutum yakan san halin kowace sabar tasa, ranar da ya ajiye aiki ya tafi da sirrin. Yanzu komai a rubuce yake, umarni ɗaya ya isa na'ura dubu cikin daƙiƙoƙi.

Ta ɓangaren wuta, miƙa ragama ba shi da sarƙaƙiya, mu da muka tashi da janareto mun san shi. Sabar na da bakin wuta biyu, kowanne a kan layinsa. In an ɗauke wuta batira suke riƙe zauren, janareto ya tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi ya karɓa. Cibiyar Uptime Institute ta kasa gine-ginen gida huɗu a kan wannan: mataki na uku shi ne wanda za a iya gyara kowane sashensa ba tare da an kashe komai ba, na huɗu kuma wanda zai jure lalacewar kowane sashe ɗaya ba zato ba tsammani. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne wuta ba ta da tarihi. Janareto ba ya bukatar sanin abin da layin gwamnati ya yi daƙiƙa ɗaya da ta wuce. Rumbun bayanai kuwa tarihi ne zalla, sabar da za ta gaji wata dole ta san naira nawa suka fita daga asusun wane har zuwa ƙiftawar ido ta ƙarshe.

A nan gizo ke saƙa. Sabar ta ainihi da ta ko-ta-kwana suna aika wa juna ɗan gajeren saƙo a kai a kai, injiniyoyi na kiransa bugun zuciya. In saƙon ya daina zuwa, ta ko-ta-kwana za ta ɗauka 'yar'uwarta ta mutu. To amma shiru ba shaidar mutuwa ba ne. Yana yiwuwa ta mutun, yana yiwuwa aiki ne ya yi mata yawa ta makara, yana kuma yiwuwa tana nan garau, wayar da ke tsakaninsu ce ta tsinke. Daga inda ta ko-ta-kwana take zaune, duka ukun kamanninsu ɗaya. In ta yi jinkirin karɓa, kwastomomi na can a tsaye. In ta yi gaggawa alhali ta farkon na raye, an samu shugabanni biyu ke nan, kowacce na karɓar ciniki tana rubutawa.

Ɗauki ɗan kasuwa mai shago biyu da littafin bashi ɗaya, wanda ke hannun babban yaronsa. Ya ce wa ƙaramin yaron, duk ranar da ka kira yayanka bai ɗauka ba, buɗe sabon littafi ka ci gaba. Ran nan waya ta ƙi shiga na rabin yini. Babban yaro yana nan yana rubutu a littafinsa, ƙaramin ma ya buɗe nasa. Malam Wane ya biya rabin bashinsa a wannan shago, ya je wancan ya karɓi kaya a kan tsohon lissafi. Da yamma ga littafi biyu, babu na ƙarya a cikinsu, kuma ba za a iya jefar da ko ɗaya ba. Rufe shago na rabin yini da ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Maganin da aka samo shi ne ƙuri'a. Ba a barin na'ura biyu su yanke hukunci su kaɗai; ana sa uku ko biyar, kuma ɓangaren da ke da rinjaye ne kawai ke da ikon naɗa shugaba. In waya ta raba biyar gida biyu, masu uku su ci gaba, masu biyu su kame hannunsu. Ka'idojin da ake bi wajen wannan zaɓe sanannu ne, Paxos na Leslie Lamport da Raft da ya biyo baya. Akwai kuma mataki na biyu mai ɗan rashin tausayi: kafin sabuwa ta hau, sai an tabbatar tsohuwa ba za ta farfaɗo ta ci gaba da rubutu ba. Ta waccan 'yar ƙaramar kwamfuta ta ciki ake bi a yanke mata wuta ɗungurungum. Tunda ba a da tabbacin ta mutu, sai a kashe ta don a samu tabbaci.

Duk da haka ƙuri'ar na iya tafiya daidai a ƙa'ida kuma ta jawo ɓarna. Ranar 21 ga Oktoba 2018 ma'aikatan GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye ayyukansu, suna canza wata na'urar sadarwa da ta fara lalacewa, sai hanya ta yanke zuwa babbar cibiyarsu ta gabashin Amurka. Daƙiƙa 43 kacal ta yi a yanke. A cikin wannan ɗan taƙi manhajar da ke kula da rumbunansu ta yi abin da aka ɗora mata: sauran na'urori suka haɗa rinjaye, suka mayar da shugabanci cibiyar yammacin ƙasar. Da hanya ta dawo, cibiyar gabas na riƙe da rubutun 'yan daƙiƙoƙi da bai isa yamma ba, yamma kuma ta riga ta fara karɓar sabo. Gaba ba dama, baya ba dama. Kamfanin ya zaɓi kare bayanai a kan saurin dawowa, ya shafe awa 24 da minti 11 yana ɗingishi kafin komai ya daidaita. Da manhajar ta yi haƙurin minti ɗaya, da babu wanda zai ji labari. Daga baya suka hana ta tsallaka shugabanci daga wani yanki zuwa wani da kanta. A ganina wannan shi ne daidai: sauya sabar a cikin zaure ɗaya aikin na'ura ne, ƙaura daga gari zuwa gari kuwa hukunci ne da ya kamata mutum mai suna ya sa masa hannu.

Me ya sa yamma ba ta da rubutun gabas tun farko? Nisa. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma babu kuɗin da zai ƙara masa gudu. In kana son kowane rubutu ya sauka a wuri biyu kafin a ce wa kwastoma an gama, dole a jira saƙo ya je ya dawo. A kilomita 100, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne, ba a ji. A kilomita 1,000, kwatankwacin Legas zuwa Kano, ya ninka goma tun kafin a lissafa na'urorin kan hanya, ga shi ciniki ɗaya kan bukaci rubutu da yawa a jere. Shi ya sa cibiya mai nisa yawanci a baya take biyowa, da ratar daƙiƙoƙi ko mintuna. Ta kusa ba ta rasa komai amma ambaliya ɗaya ko gobara ɗaya na iya haɗawa da ita. Ta nesa ta tsira daga wannan amma kullum da ɗan giɓi a hannunta. Tambayoyi biyu ne ke raba gardamar, kuma ba injiniya ne ya kamata ya amsa su ba, mai dukiya ne: awa nawa za mu iya jurewa a rufe, kuma cinikin minti nawa za mu iya yafewa in ya ɓace? Amsar banki daban, ta jarida daban. Alkawarin kashi 99.9 cikin 100 yana nufin kusan awa tara a rufe a shekara, 99.99 kusan minti 53, 99.999 minti biyar da ɗoriya, kuma kowane tara da aka ƙara da tsadarsa yake zuwa.

Masu tsoron tsadar nisa sukan ajiye madadin a kusa, wani lokaci kusa ƙwarai. Daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen cibiyar bayanai ta kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, ta taɓa na kusa da shi, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Wasu kwastomomi da ke biyan kuɗin kwafin ajiya duk wata sai a ranar suka gano kwafin nasu a harabar da ta ƙone yake. Kotu a Faransa ta sa kamfanin ya biya wasunsu diyya, amma diyya ba ta dawo da fayil. A Satumban 2025 batir ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ayyukan gwamnati sama da 600 suka tsaya, kuma rumbun da ma'aikata ke ajiye takardunsu, mai terabayit 858, ya tafi ba shi da kwafi a wani wuri.

Nisa ma ba ya isa in duka kwafin a igiya ɗaya suke. A ƙarshen Yunin 2017 cutar kwamfuta ta NotPetya ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Kamfanin na da sabar masu yawa a ƙasashe daban-daban da ke riƙe da rajistar sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, kowacce madadin sauran. An yi tanadin mutuwar ɗaya ko biyu, ba a yi tanadin abin da zai bi waya ya shafe su duka a lokaci guda ba. Abin da ya cece su shi ne wata sabar a ofishinsu na Afirka ta Yamma, wadda ɗaukewar wuta ta raba da sauran kafin cutar ta iso. Rashin wutar da muke kuka da shi, ran nan shi ya yi rana. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sabar 4,000 da kwamfuta 45,000 suka sake ɗorawa cikin kwana goma. Kwafin da ke bin na ainihi sau da ƙafa yana kwafe cuta da kuskure da irin saurin da yake kwafe ciniki. Dole a samu wani kwafin na daban, tsoho, a katse, wanda umarnin tsakiya ba ya isa gare shi.

Wannan umarni na tsakiya shi ne haɗarin da ya fi girma a yau. Ranar 28 ga Fabrairun 2017 wani injiniyan Amazon yana binciken wata matsala a rumbun S3 da ke Arewacin Virginia, ya rubuta umarnin cire sabar kaɗan, ya kuskure a rubutun, aka cire masu yawa. Sassan da ke riƙe da taswirar inda kowane fayil yake sai da aka sake tayar da su daga farko, abin da aka yi shekaru ba a yi ba, ga shi sun ƙara girma. Kusan awa huɗu aka yi. Abin dariya a ciki, shafin da kamfanin ke sanar da matsala shi ma a kan S3 ya dogara, sai ta Twitter suka riƙa ba da labari.

Na Facebook ya fi muni, kuma wannan kam masu sayar da kaya ta WhatsApp daga Kano har Damagaram sun ji a jikinsu. Ranar 4 ga Oktoba 2021 wani umarni na duba ƙarfin layukan da ke haɗa cibiyoyin kamfanin ya yanke layukan gaba ɗaya. Akwai manhajar da aka sa ta tace irin wannan umarni, amma tana da aibi, ta bar shi ya wuce. Sabar da ke nuna wa duniya hanyar zuwa Facebook an tsara su su janye kansu in sun daina jin cibiyoyin, dabara mai kyau in cibiya ɗaya ce ta faɗi; da duka suka yi shiru, duka suka janye, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɓace daga intanet na kusan awa shida. Kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyara da su a kan layin da ya mutu suke, hanyar ko-ta-kwana ma ta rufe. Sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa cibiyoyin, inda tsaron da aka kafa don ɓarayi ya riƙa cin lokacin masu gida. A Yulin 2024 kuma sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5. Madadi bai yi amfani ba, domin shi ma ya sha daga ƙwarya ɗaya, kuma da yawansu sai da aka bi su ɗai-ɗai da hannu.

Ba ina cewa a koma zamanin da kowane injiniya ke da sabar tasa ba ne. Wancan zamani ya fi yawan kuskure, kawai dai kuskurensa bai da faɗi. Abin yi shi ne a rage wa hannun tsakiya tsawo. Bayan haɗarinsu Amazon sun gyara kayan aikin ta yadda ba zai cire sabar da sauri ba, kuma ba zai sauka ƙasa da adadin da ake bukata ba ko an umarce shi. Canji ya fara da na'urori kaɗan, a jira, a duba, sannan ya ci gaba. Hanyar gyara ta zama da layinta da izinin shigarta, ba ta jingina da abin da za ta gyara ba. Takardar matakan farfaɗowa kuma a buga ta a takarda ta gaske, don wadda aka ajiye a sabar da ta mutu ba ta karantuwa.

Sauran magana ita ce gwaji, kuma a nan aka fi yin ha'inci, don ba wanda ke son taɓa abin da ke aiki. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, dandali irin GitHub, a gajiye da dare, ya goge rumbun bayanai a kan sabar ta ainihi yana zaton a ta madadi yake. Kusan gigabayit 300 suka tafi kafin ya ankara. Kamfanin na da hanyoyin ajiya biyar a rubuce, da aka waiwaya babu wadda ke aiki yadda ake zato. Ɗaya ta daɗe tana faɗuwa a ɓoye, saƙon gargaɗin da take aikawa ba ya isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, don wata bukata daban, shi ya fitar da su, aikin awa shidan kuma ya tafi. Netflix sun bi ta wata hanya tun da wuri: sun rubuta manhaja mai suna Chaos Monkey wadda aikinta ta riƙa kashe sabar ɗinsu da gangan a lokacin aiki, sa'ad da kowa ke ofis idonsa biyu. Facebook ma sun ce atisayen da suka saba yi na kashe cibiya sukutum shi ya taimaka musu suka dawo da komai a hankali, ba tare da cunkoson masu shigowa ya sake kayar da su ba.

A Najeriya tambayar nisa da igiya ɗaya ta fi tsanani, domin yawancin manyan cibiyoyin adana bayanai na 'yan kasuwa, irin su Rack Centre a Ikeja da na MainOne a Lekki wanda Equinix ya saya a 2022, a Legas suke, inda wayoyin ƙarƙashin teku ke sauka. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin wayoyin nan, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace tare a gaɓar Kwaddebuwa. Wanda ya sayi layi daga kamfani biyu yana ganin ya yi tanadi, sai ya tarar layukan nasa ta kwari ɗaya suke bi a ƙasan teku. Bankuna sun yi ta ba kwastomomi haƙuri, gyaran ya ɗauki makonni, waɗanda suka samu sauƙi su ne masu hanya ta wayoyin da ba su taɓu ba, irin su Equiano. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone yana da cibiya a Abuja da wata a Kano, kuma irin wannan tazara ce ake bukata. Amma gini na biyu rabin aiki ne. Sai an san ta ina wayar da ke haɗa su ta bi, ko akwai ta biyu da ba ta bin gefen titi ɗaya da ta farko inda katafilar masu aikin hanya za ta tsinke su tare, man dizal na kwana nawa ne a tanki, da kuma ranar ƙarshe da aka mayar da aiki can da gangan aka wuni a kai, sannan aka dawo da shi lissafi bai ɓace ba.